Shinkafa da kwakwa suka riƙe ni daga Bankok har Manila

Bayan ƙaramar Sallar 2024 muka ɗaga, ni da wata Hajiya da shagonta ke kallon nawa a Kwari. Ita ta daɗe tana saro kayan yara a Bankok, har 'yan kalmomin ciniki na yarensu ta iya, ni kuwa ban taɓa leƙa wannan ɓangaren na duniya ba. Abin da ya ƙara ingiza ni shi ne autanmu yana karatun jinya a Manila, Mama kuma kullum maganarta kenan a je a gano mata ɗanta. Da aka ce min daga Bankok zuwa Manila wajen awa uku da rabi ne a jirgi sai na ce to shikenan, a yi sari a wuce a ga yaro.

Takardu kam mun sha zirga-zirga. Tailan da Filifin duk suna cikin ƙasashen da ɗan Najeriya sai ya karɓo takardar wankewa daga NDLEA kafin ya nemi biza, ga bayanan banki, ga shaidar otal, ga katin rigakafin shawara da muke cewa yalo kad. Wannan katin a jakar hannu ake sa shi, domin da kin sauka a filin jirgin Suvarnabhumi akwai teburin jami'an lafiya da za ki fara tsayawa su duba su buga miki hatimi, in kika zarce layin shige da fice kai tsaye to baya za su dawo da ke komai tsawon layin da kika bi. Hajiya ta san wannan, ita ta ja ni. Daga Kano muka bi ta Adis Ababa, muka kwana a sama, muka sauka agogonsu ya riga namu da awa shida, jikina bai san ko safiya ce ko dare ba.

Jirgin ƙasa muka shiga daga ƙarƙashin filin jirgin, bat 40 zuwa tashar Ratchaprarop wadda ke bakin Pratunam, unguwar 'yan sari. A lokacin dala ɗaya tana ba da bat 36 zuwa 37. Muna fitowa daga tasha muna jan akwati sai ji na yi an sheƙa min ruwa mai ƙanƙara a baya, na juya a fusace sai ga wani yaro da bai fi shekara bakwai ba riƙe da bindigar ruwa ta roba wadda ta kusa girmansa, yana dariya uwarsa tana haɗa hannu biyu a ƙirji tana ba ni haƙuri ita ma tana dariyar. Ashe ƙarshen Songkran muka tarar, bikin sabuwar shekararsu da ake yi 13 zuwa 15 ga Afrilu, gari gaba ɗaya kowa jiƙa kowa yake yi, babba da yaro, har da masu zagayawa a bayan a-kori-kura da duro cike da ruwa. Da zafin da ake yi a Bankok a watan nan, hijabina kafin mu kai otal ya bushe.

Otal ɗin dai na 'yan sari ne, ɗaki ƙarami mai gado biyu da esi, bat 900 a kwana muka raba biyu. Matsalar ita ce shaguna da yawa ba su buɗe ba, masu su sun tafi garuruwansu hutun biki, sai muka samu kanmu da lokaci a hannu ba abin yi sai yawo da neman abin sawa a baki. Kuma a nan ne aikin yake. Bankok gari ne da ko ina kika juya ana suya ana dahuwa a bakin titi, amma naman alade ya shiga kusan komai, har abin da kike gani kamar ganye ne zalla sai ki tarar da romonsa aka yi. Akwai wani lungu da ake cewa Phetchaburi Soi 7 inda masallacin Darul Aman yake, can Musulmi ne ke sayar da abinci, muna zuwa mu ci shinkafa da kaza mai kurkum da suke kira khao mok, to amma da 'yar tafiya daga masaukinmu kuma ba kullum mutum ke da ƙafar zuwa ba a wannan rana. Sai Hajiya ta ce min, ke in kina son zaman lafiya da cikinki a garin nan ki kama kayan zaƙinsu na gargajiya, yawancinsu shinkafa ce da kwakwa da sukari da gishiri, ba nama ba kitse. Ni da na ji an ce shinkafa da sukari sai da na yatsina fuska.

A bakin layin otal ɗinmu akwai wata dattijuwa mai ɗan teburi, Hajiya na ce mata Pa, haka suke kiran mace da ta kai sa'ar uwa. Gabanta mangwaro ne jere rawaya shar, dogaye masu tsini a ƙasa, gefe kuma wata babbar roba an rufe da farin ƙyalle. Na tsaya ina kallon hannunta. Wuƙar waje take turawa ba wajen jikinta ba, ta feɗe ɓari ɗaya na mangwaron tas, ta zare tsokar daga jikin ƙwallon a yanka ɗaya, ta ɗora a tafin hannu ta daddatsa, ta zuba a robar tafi-da-gidanka ba tare da yankan ya watse ba. Ta ɗaga ƙyallen ta ɗebo shinkafa fara mai sheƙi tana ɗan tururi, ta sa a gefe, ta miƙo da wasu 'yan ƙullin leda biyu, ɗaya madarar kwakwa mai kauri ɗaya kuma wani ɗan wake rawaya da aka soya ya yi ƙaras-ƙaras. Bat 60. Sunan abin khao niao mamuang. Ƙullin ledar nan da kyauron roba suke yi, wani irin naɗi da su da yatsa ɗaya suke warwarewa, ni da haƙori na farke.

Abin da ya fara taɓa harshena gishiri ne, wallahi ban zata ba. Madarar da ake zubawa a kai da gangan ake sa mata gishiri ya fito, ita shinkafar ce ke ɗauke da zaƙin, shi ma ba mai hawa kai ba, sai mangwaron ya zo da sanyinsa da ɗan tsami-tsami can ƙasa, sai waken ya yi ƙaras a haƙori. Shinkafar da ɗuminta, tana da danƙo amma kowace ƙwaya a tsaye take ba ta dame ba. Mangwaron kuwa, Nam Dok Mai sunansa, ba zare ko ɗaya, da cokali ake yankarsa. Ni 'yar Binta siga ce tun ina yarinya kuma har gobe ba zan ce ta faɗi ba, amma ita sai kin nemi tsinken sakace bayan kin gama. A tsaye na cinye a bakin titi, na ce Pa ƙaro. Hajiya ta ce ina yatsinar fuskar ta tafi.

Da na saba da matar, da nuni da hannu da ɗan abin da Hajiya ke fassarawa, ta nuna min yadda ake yi. Irin shinkafar daban ne, fara fat kamar alli tun tana ɗanya, ba irin wadda haske ke ratsawa ba. Kwana take yi a jiƙe, sannan ba a dafa ta cikin ruwa, turara ta ake yi a wani kwandon gora mai tsini da ake ɗorawa a bakin tukunya, aikin madambaci dai. Tana sauka da zafinta za a juye mata madarar kwakwa da aka narka sukari da gishiri a ciki, a rufe a bar ta ta shanye. Shi ya sa take sheƙi. Kuma abin da ya ba ni mamaki, mu da muka taso muna jin 'yar Tailan 'yar Tailan a buhu, wannan turararriyar shinkafar da ake kawo mana ko sau ɗaya ban gan ta a farantin kowa ba a Bankok, don kasuwar waje suke yin ta. Su tasu ta ci ita ce mai ƙamshi da suke kira hom mali, mutanen arewa da arewa maso gabashin ƙasar kuma wannan mai danƙon ce abincinsu na kullum, da hannu suke dunƙulawa su dangwala a miya.

Washegari da sassafe na fito neman ruwan shayi sai na hango abin da ya sa na ƙwalla wa Hajiya kira tun daga ƙasan bene. Tanda! Tanda sak, ta baƙin ƙarfe mai ramuka, a kan wuta, wata matashiya tana shafa mai da ɗan ƙyalle a tsinke tana zuba ƙullu daga buta. Na ce yau ga 'yar uwa. Khanom krok suke ce masa. Ramukan sun fi na tandarmu ƙanana, kuma ƙullu biyu take zubawa, na farko na garin shinkafa da madarar kwakwa shi ke kama jikin tandar ya yi ɓawo, kafin ya gama daskarewa sai ta bi da na biyu wanda kusan kakkaurar madarar kwakwa ce zalla da sukari da gishiri, ta barbaɗa wa wasu lawashi, wasu masara, wasu gwaza, ta kife da murfi. Ba ta juya shi yadda muke juya waina, ba yis ba tsami, ƙasan ne kawai ke soyuwa saman ya tsaya lugub yana rawa. Da cokali take ciro su ta haɗa biyu-biyu fuska da fuska. Na jefa ɗaya a baki da gaggawa, cikin kamar narkakken dalma, na tsaya ina hura iska hawaye na zuba ita kuma tana ta ce min wani abu da na tabbata a hankali take nufi. Sai na ciro waya na nemo mata bidiyon da ƙanwata ta turo ranar Sallah tana suyar waina a tsakar gida. Matar nan ta ajiye butar ta karɓi wayar, ta kira maƙwabciyarta mai sayar da 'ya'yan itace, suna kallo suna nuna tandar ƙasar da yatsa. Da bidiyon ya kai inda aka zuba miyar taushe da tantaƙwashi a kai sai duk suka yi wani ihu, wai da miya? Na ce da miya, wani lokacin kuma da sukari ko zuma. Bat 30 ne kwali ɗaya, ta ƙara min biyu kyauta.

Hajiya ta ce tunda abin ya kama ni bari ta kai ni gidan da ya yi suna. Muka shiga kwale-kwalen haya na magudanar Saen Saep daga Pratunam, kuɗin bai kai bat 20 ba, kwandastan yana tafiya a bakin jirgin ta waje yana riƙe da igiya yana karɓar kuɗi, fasinja kuma kowa na jan tamfol sama don kar ruwan ya fallatso masa, ruwan baƙi ne kuma hancinki zai gaya miki dalili. Muka sauka a Panfa muka taka zuwa titin Tanao cikin tsohon gari inda shagon Kor Panich yake, tun 1932 suke wannan sana'ar. Ba wani ƙawa, tsohon shago ne da layin mutane, ana auna shinkafar a sikeli, masu mangwaro kuma na zaune a ƙofa. A nan na ɗanɗana ɗaya irin mangwaron, Ok Rong, bai kai wancan kyan gani ba, fatarsa ta fi kodewa, amma ya fi ƙamshi kuma tsofaffinsu shi suka fi so da wannan shinkafar. Kuɗin ya ninka na Pa. Shinkafarsu ta fi laushi da maiƙo gaskiya, sai dai in don ni ce ba zan sake shan wannan ranar ba alhali ga Pa a ƙofar otal.

Sauran na bi su ɗaya bayan ɗaya duk inda na gani. Akwai khao tom mat, shinkafar da aka naɗe da ayaba a tsakiya da ɗan baƙin wake cikin ganyen ayaba, a ɗaure biyu-biyu a turara har ayabar ta koma ja-ja, shi na riƙa sawa a jaka in za mu shiga kasuwa don bat 10 zuwa 15 ne kuma yana riƙe ciki. Akwai khao lam da ake ɗurawa cikin gora a gasa a gefen garwashi, mai sayarwa ya fasa miki gorar da guduma, shinkafar ta fito da wata siririyar fata ta cikin gorar manne a jikinta da ƙamshin hayaƙi. Wanda ya raba ni da Hajiya shi ne na duriyan. Wannan ɗan itacen mai ƙaya har hotonsa ake mannawa a ƙofar otal da tashar jirgin ƙasa an ja masa jan layi, saboda wari. Suna dama shi cikin madarar kwakwa su zuba a kan shinkafar. Ni na ci, kuma in kin daure wa shaƙar farko akwai garɗi, amma Hajiya ta ce in kusance ta da wannan bakin sai ta canza ɗaki, haka na zauna a bakin titi ina shan ruwa ina tauna cingam. Da na shiga kantin 7-Eleven sayen cingam ɗin ma sai da gabana ya faɗi, na ga an rubuta 2567 a jikin kaya, ashe lissafin shekararsu ya riga na Turawa da 543.

Kasuwa ta buɗe, muka yi sarinmu tsakanin Pratunam da Bobae, muka kai wa 'yan kago aka auna, Hajiya ta juya gida ni na wuce Manila.

Kafin ki shiga Filifin akwai fom na intanet da ake cikewa, eTravel, Auta ya cike min tun ina Bankok, yalo kad ma sun sake tambaya. Na fito na same shi a waje, ya karɓi jakata yana cewa Yaya sannu da hanya, kin zo a zafi. Ai kuwa na zo a zafi, har makarantu aka rufe a ƙarshen Afrilun nan yara suka koma karatu daga gida. Zafin Kano busasshe ne, wannan kuwa kina fitowa daga wanka kina neman wani. Daga filin jirgi zuwa Sampaloc inda yake haya, unguwar ɗalibai, gosulo ya ci mana fiye da awa. Abin da na fara lura da shi masu gadi ne, kowane shago da banki da kanti akwai mai gadi da inifom wasu har da doguwar bindiga, a ƙofar mol da tashar jirgi sai an leƙa jakarki da ɗan sanda na katako. Jirgin ƙasan da ke bi ta kan gada, LRT, kuwa ya burge ni da abu ɗaya, taragon gaba na mata ne.

In Bankok da wuyar abinci to Manila ta fi, nan alade shi ne sarkin tukunya. Ranar Juma'a Auta ya kai ni Quiapo a jifni, motar hayarsu doguwa mai zane-zane da ake shiga ta baya a zauna fuska da fuska, feso 13 ƙaramin kuɗin mota a lokacin, ki miƙa kuɗinki ya bi hannu-hannu har wajen direba canji ya dawo ta hanyar da ya bi ba wanda zai taɓa. Juma'a ita ce ranar cikar babban cocin Quiapo ma, saboda haka ta wannan gefen titi dubban Kiristoci ne da kyandir, ki ratsa ta ƙarƙashin titi ki ɓullo ɗaya gefen sai ga hijabai da huluna da ƙubba mai ruwan zinare. Wannan masallacin a 1976 aka gina shi, matar shugaban ƙasa na lokacin Imelda Marcos ce ta sa a yi saboda ziyarar da aka sa ran Gaddafi zai kawo, ziyarar ba ta yiwu ba masallaci kuma ya zauna. Yawancin Musulmin unguwar 'yan kudu ne daga Mindanao, musamman ƙabilar Maranao, 'yan kasuwa ne na gaske. A nan na ci pastil, shinkafa da zare-zaren naman kaza a ƙulle cikin ganyen ayaba, feso 20, na ci na ƙoshi hankali kwance. A nan kuma na ga dodol a rataye, dogaye an naɗe wasu da ɓawon masara wasu da leda mai kala. Garin shinkafa mai danƙo ne da madarar kwakwa da jan sukari ake tuƙawa awa da awanni a babban kasko har ya yi baƙi ya yi tauri yana ja, matar ta ce na Sallah da biki ne a wajensu, kuma yana daɗewa bai lalace ba.

Daga nan muka gangara kasuwar Quinta. Duk wannan dangin kayan zaƙin na shinkafa su kakanin suke ce musu, a kan manyan faya-fayai ake jera su an shimfiɗa ganyen ayaba, mai sayarwa na kora ƙuda da leda a tsinke tana kiran Ate, Ate, zo ki gani. Auta ya ja ni gefe ya ce Yaya ki tsaya in gaya miki, ba kowanne za ki miƙa hannu ba. Wancan farin mai kumburi, puto, shi kansa ba komai, amma a gidajen abinci da miyar jinin alade ake haɗa shi, wani kuma ana cusa masa nama a ciki, saboda haka wajen mai kakanin zalla ake saye ba wajen mai miya ba. Na ce to malam, na ji.

Biko shi ne ya tsaya min a rai. Shinkafa mai danƙon ce dai irin ta Bankok, amma su ba sa tsayawa a jiƙa ta da madara, mayar da ita wuta suke yi cikin madarar kwakwa da mazarƙwaila a yi ta juyawa har hannu ya gaji, ta yi ja-ja baƙi-baƙi tana maiƙo, a shafe ta a faifai a danne. A kai kuma sai a barbaɗa latik, wato madarar kwakwa da aka bari a wuta har man ya fita ya bar wani dusa-dusa mai launin ƙasa da ƙamshin ƙonanniyar kwakwa. Matar ta yanko min murabba'i ɗaya da wuƙar da ta shafa wa mai, feso 25, da nauyinsa a hannu. Zaƙinsa mai zurfi ne har da ɗan ɗaci-ɗacin mazarƙwaila, yana kama haƙori, kuma yanka ɗaya ya ishi mutum daga hantsi har la'asar. Na haɗa da sapin-sapin mai hawa uku kala uku, fari da rawaya da shunayya ta wata doyarsu da ake cewa ube, kyan gani ya fi daɗin ci a wajena. Kutsinta kuma ja ne mai santsi yana rawa, da ruwan toka ake yin sa shi ya sa yake da wannan danƙon, a ci da gogaggiyar kwakwa. Palitaw ya ba ni dariya don sauƙinsa, ƙullu ne a faɗaɗa a jefa a tafasasshen ruwa, in ya taso sama ya nuna, a mulmula a kwakwa da sukari da riɗi.

Bibingka asalinsa na lokacin Kirsimeti ne, a ƙofar coci ake sayarwa da asuba daga 16 zuwa 24 ga Disamba tare da wani mai shunayya da ake turarawa a gora, puto bumbong, amma akwai masu yi duk shekara kuma Auta ya san wata. Kaskon ƙasa ne ta shimfiɗa ganyen ayaba ta zuba ƙullun shinkafa, garwashi a ƙasa, ta ɗora wani faranti cike da garwashi a sama, wuta biyu kenan. Da ya fara tashi ta jera masa yankan ƙwan agwagwa mai gishiri, irin wanda ake rina ɓawonsa ja, da cuku, ya sauka ta shafe da bota ta barbaɗa sukari da kwakwa. Gefen ganyen ya ƙone ƙamshin ya shiga ciki. Ƙwai mai gishiri a kan abin zaƙi, na ce mutanen nan da 'yan Bankok bakinsu ɗaya ne, ba sa barin sukari ya tafi shi kaɗai. Tsohuwar da ke ba su Auta haya ce ta kai abin ƙarshe. Ta ji labarin yayar ɗanta ta zo, haka take kiransa, sai ga ta da safe da kwano, kunun shinkafa mai danƙo da cakulan baƙi ƙirin an zagaya shi da madarar gwangwani, champorado, a gefe kuma soyayyen busasshen kifi ƙanana masu gishirin tsiya. Ta riga ta san mu, tun kafin in tambaya ta ɗaga hannu ta ce walang baboy, ba alade. Na kalli Auta ya ce Yaya ki gutsuri kifin ki bi da cokali ɗaya. Na yi. Ba zan ce ku je ku gwada ba, amma kwanon dai ban mayar da shi da komai ba.

Muna wannan hirar ne Auta yake gaya min wai duk wannan son shinkafar, Filifin tana cikin ƙasashen da suka fi kowa sayo ta daga waje, yawanci daga Biyetnam, alhali babbar cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, a ƙasarsu take a Los Baños tun 1960. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Kafin in taho muka hau LRT na biyu har ƙarshensa muka ƙarasa da jifni kan tudu zuwa Antipolo, garin da ya yi suna da suman da yazawa. Suman ɗinsu shinkafa mai danƙo ce dafaffiya, a ganyen wani irin kaba ake naɗe shi zagaye-zagaye, ki kama bakin ki ja ya warware, cikin ba zaƙi sam sai ɗan gishiri, ki dangwala a sukari ko ki haɗa da mangwaronsu carabao. Wato abin da na ci a hannun Pa ne aka wargaza aka ba ni in haɗa da kaina. Mangwaron Filifin ya fi zaƙi, wannan ba gardama, amma a haɗin na Bankok ya fi tsari don shinkafar ta riga ta sha madara tun da zafinta. In baƙo zan fita kunya da shi to na Bankok zan yi. In kuma ni ce a shago da kofin baƙin shayi ba sukari, a ba ni biko.

Na so in taho da suman Auta ya ce ba zai kai ba, kwakwa ba ta son zafi da doguwar tafiya, sai na koma Quiapo na sayi dodol na cika gefen akwati. Dawowa ba wani labari sai zaman jiran jirgi da kumburin ƙafa. Da na sauka gida a wajen duba kaya wani jami'i ya zuge akwatin ya ci karo da dogayen abubuwa baƙaƙe a nannaɗe cikin ɓawon masara, ya kalli fasfo ya ga Bankok ya ga Manila, ya ɗago ya ce Hajiya wannan fa? Na ce alewar shinkafa ce ranka ya daɗe. Ya latsa da yatsa ya shinshina, ya kira na kusa da shi shi ma ya latsa. Na ce a ba ni wuƙa, ba wuƙa, sai na warware ɗaya na gatsa da haƙori na tsaya ina ta fama da shi a gabansu don abin ba ya tsinkewa da wuri, na miƙa musu ragowar. Na farkon ya ce a'a shi ya ƙoshi, na biyun ya gutsira ya tauna ya tauna, ya ce a ina ake sayarwa a Kano. Na ce babu. Ya ce to rufe akwatinki Hajiya, Allah ya huta gajiya.